Kifin Sunan Takwarana

Na san abin da kuke ji a kaina a bakin mutanen unguwa, ku 'ya'yana, wai ubanku ya sayar da ɗan'uwansa a kan tarwaɗa. To, bari in fara da gyara wannan kuskure, domin ba tarwaɗa ce kaɗai ba, har da karfasa. Na kuma san kun san sunan da ake kirana da shi in na ba da baya, Dogarin Kwaɗi, don na taɓa jin ƙaraminku yana gwada shi a bayan ɗaki yana ƙyaƙyatawa. Ban yi fushi ba. Sarauta ce, kuma a duk zuriyarmu ni kaɗai na taɓa riƙe sarauta. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, waɗanda suka ga abin da idonsu duk sun kwanta dama, saura ni, in kuwa ban faɗa ba, ƙarya za ku gada. Ku yi haƙuri da rubutun. Karatuna na allo ya tsaya daidai inda bulalar malam ta fara nauyi, bokon kuwa da furfurata na tsince shi a ajin manya. In kun ga harafi ya kwanta, ku tashe shi.

Mu ba 'yan Zazzau ba ne, ko da yake yanzu kun fi Bazazzagi iya taƙama. Daga ƙasar Yawuri muka fito, bakin Kwara, gidan masunta kaka da kakanni. Mu biyu muka rayu a ɗakin uwarmu, ni da wana Bawa, shi ya sa ba ya kirana da sunana Haruna, sai Auta. Bayan iyayenmu sun rasu, aka ce Nasara na shimfiɗa ƙarfe ana neman lebura. Yaya Bawa ya kama hannuna muka bi aikin dogo, tasha bayan tasha, har ƙarfen ya kawo mu Zariya. A nan ne wani gungumen katako ya suɓuce ya faɗa mini a ƙafar hagu, wannan da kuka sani, wadda ba ta isa masallaci sai ta dama ta idar da raka'a guda. Aiki ya ƙare mini. Yaya Bawa shi ya goya ni a bayansa ya kai ni wurin mai ɗori, shi ya yi jinyata, shi yake zubar da kaskona ba tare da ya yamutsa fuska ba. Daga baya ya sami dako a tasha, ya auri Ladi, ya gina ɗaki biyu a Tudun Wada, ya ba ni na bakin ƙofa. Ku riƙe wannan da kyau, don kada in kun kai ƙarshe ku ce mugu ne.

Tudun Wada a wancan zamani ba gari ba ne, zango ne da ya manta ya tashi. Inda kuke cewa Kongo yanzu duk saura ce da karan dawa. Mutanen Birni suna cikin ganuwarsu da rijiyoyin kakanninsu, mu kuwa tsince-tsince ne, Bakano da Bakatsine da Babarbare da Banufe, kowa da yabon tuwon garinsu a baki. Ruwanmu Kubanni. Da damina ta cika tana ruri kamar za ta ci mutum, da rani kuwa ta koma yashi, sai gurbi guda a gindin wata tsamiya wanda ba ya ƙafewa. A nan ake ɗiba, a nan ake wanki, a nan jaki ke sha, ya kuma yi abin da jaki ke yi bayan ya sha. A garin da ke da asali ruwa yana da mai shi, akwai sarkin ruwa, akwai ranar rufewa da ranar buɗewa. Namu maraya ne.

A shekarar da nake ba ku labari, masu duba-gari suka fara zagawa da garwa suna zuba baƙin mai a kududdufai, wai don a kashe 'ya'yan sauro. Duk ruwan da aka zuba wa, ko akuya ba ta ƙara kallonsa. Da aka ji sun nufo gurbinmu, wata tsohuwa mai ƙosai, Inna Kande, wadda ba ta da miji ba ta da ɗa amma tana da murya, ta tasa mai unguwa gaba har wurin babbansu. Aka roƙe shi, aka ce gurbin nan akwai kifi, kifi kuwa shi ke cinye 'ya'yan sauro. Mutumin ya zo ya leƙa, ya ga haka ne. Ya ce muddin akwai kifi kuma ruwan ba ya wari ba za a zuba ba, amma ranar da ya zo ya tarar babu, kada kowa ya ɓata yawunsa.

Sai aka taru gindin tsamiya aka kafa doka. Wanki ya koma can ƙasa. Dabbobi su sha a ramin da za a tona musu a gefe. Audu majemi, wanda ke jiƙa fatunsa sama da inda mata ke ɗiba, ya kwashe su ya yi nisa, ya kuwa kwashe yana gunaguni kowa na ji. Kuma ba mai kama ko ɗan tsirit na kifi sai ruwan sama ya sauka. Da aka zo kan hukuncin wanda ya karya, aka yi cirko-cirko, don ba mu da alƙali ba mu da dogari, kuma ba mai son magana ta kai gaban Nasara. Inna Kande ce ta warware.

"Baƙo ba shi da komai sai ƙafar maƙwabci," in ji ta. "Wanda ya ɓata ruwan nan, mu janye masa ƙafa. Ba mai zuwa sunansa, ba mai zuwa bikinsa, sai shekara ta zagayo. Gawa kaɗai za mu ɗauka."

Aka shafa fatiha a kan haka. Saura mai gadi. Aka ce ana son wanda ya san ruwa, kuma ba shi da inda za shi. Ban ga wanda ya ambaci sunana ba, na dai ga idanu duk sun sauka a kan ƙafata. Liman ya miƙo mini sandar gora ya ce amana ce, aka ce tuwona gida-gida ne bi da bi. Wanda ya fi kowa dariya a ranar Yaya Bawa ne. Ya durƙusa a gabana ya jinjina hannu, ya ce Allah ya ja zamanin Dogarin Kwaɗi. Kun ji wanda ya naɗa ni.

Ba wanda ya gaya mini gadin ruwa gadin shiru ne. Da safe mata su zo su cika tuluna, su gaishe ni da gefen baki su tafi. Daga hantsi har la'asar ba kowa sai ni da wani zalɓe da ke tsayawa da ƙafa ɗaya, ina zaton kwaikwayona yake yi. Abokan hirata na da suka rage biyowa, don mutum ba ya jin daɗin zama da wanda aikinsa shi ne cewa kada. Sai na koma sanin kifayen. Akwai wata ƙatuwar tarwaɗa da na raɗa wa suna Mai Unguwa, don ba ta motsi sai abinci ya iso bakinta. Nakan ba ta labarin Kwara, yadda ba a hango ƙetare, yadda babanmu ke gyaran komarsa ta kamun kifi yana waƙa ƙasa-ƙasa. Ba ta taɓa ƙaryata ni ba. Amma gaskiya ruwan ya gyaru. Ya kwanta ya yi garau, har kana ganin inuwar tsamiya a ƙasansa, mata suka daina tacewa da gefen zane. In na koma gida da magariba, Yaya Bawa ya tambaye ni lafiyar talakawana, Ladi ta ƙara mini miya a kan tuwon mutane. Wannan hirar ita ce duk maganar da nake yi da ɗan Adam a yini.

Ana tsakiyar rani Ladi ta haihu, namiji, ran Lahadi, bayan shekarun da har an fara yi musu jajen rashin haihuwa. Yaya Bawa ya shigo ɗakina yana rawar jiki, ya ce ya yi mini alkawari, takwarana ne. To, a gidanmu akwai wata al'ada. Ba a raɗa wa ɗa suna sai da kifin da ubansa ya kama da hannunsa, ba na saye ba. A dafa wa baƙi, sannan ƙanin uba ya tsoma yatsa a romon ya shafa wa jaririn a leɓe, wai don ruwa ya san shi, kada wata rana ya ci shi. Haka aka yi wa Bawa, haka aka yi mini. Malamai za su ce ba shi a littafi, ni ma na duba iyakar inda na kai ban gani ba, amma ku je ku gaya wa ɗan masunci haka. Galma kuwa, babban kogin da ke kusa da mu, tana da masu ita, kuma sun rufe ta ga baƙi sai lokacin da aka buɗe kamun kifi. Don haka ya zo mini kai tsaye, ya ce in bar shi ya ɗauki ko goma. Na ce ba zai yiwu ba. Ya dube ni, ya yi dariya, ya ce lallai sarauta ta kama ni. Bai sake tayar da maganar ba.

Ran Juma'a da hantsi sai ga shi a bakin gurbi. Ya ce ya lura tun da na karɓi sandar nan ban sami Juma'a ko ɗaya ba. In tafi Birni in yi salla, in sayo goron suna, in gaya wa wanzami. Shi zai zauna mini, idon wa ai idon ƙane ne. Wallahi sai da na ji ƙwalla. Na miƙa masa sanda na kama hanya ina jan ƙafa, ina murna kamar wanda aka sallamo daga gidan yari. Na sha hayaniyar kasuwa har na ƙoshi, na yi ta taya abin da ba zan saya ba don kawai a yi mini magana.

Da na dawo bayan la'asar, tun daga nesa na ga gurbin ya yi fari. Na ɗauka kumfa ne. Cikin kifi ne, duk sun juyo sama, manya da ƙanana, har waɗanda ba su kai ƙwayar gyaɗa ba. Sandata tana kafe a yashi ita kaɗai. A bakin ruwa ga dakakken ganye ya yi tsanwa, ban buƙaci a gaya mini ba, magimfa ce. A gida haka muke yi. A daka ganyen a watsa a lungun kogi, kifi ya bugu ya taso, ka zaɓi manya ka bar saura, kafin gari ya waye Kwara ta wanke komai, ƙananan su farfaɗo su yi tafiyarsu. Yaya Bawa da mudun Kwara ya auna. Bai tuna ba cewa wannan ruwan ba shi da ƙofar fita.

Na same shi a bayan zana yana banda, Mai Unguwa tana kan wuta. Ya riga ya san abin da ya yi.

"Auta, zuwa safe zai wanke."

"Ya wanke ya tafi ina, Yaya?"

Ya juya kifin a kan wuta. Can ya ce in an tambaye ni in ce barci ya ɗauke ni ban ga kowa ba. Iyaka a zage ni a karɓe sanda, shi kuwa zai ci gaba da ciyar da ni kamar da. Ya ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ladi tana daga ɗaki tana jinmu, ni kuma ina jin ɗan kukan jaririn. Na ce masa to. Ku rubuta wannan ma a kaina, na ce to.

Da safe wari ya tashi unguwa. Aka taru gindin tsamiya, mata a gefe da tuluna ba ruwa. Kafin a tambaye ni komai, an riga an sami mai laifi. Wani ya ce ya ga Audu majemi jiya da ƙwaryar ruwan toka, wani ya ce ai tun ranar da aka kore shi yake da ƙulli a ciki. Audu ya rantse har muryarsa ta dushe, amma mutumin da hannunsa ke wari ba ya wuyar zargi. Ga shi kuwa saura kwanaki kaɗan bikin 'yarsa ta fari, an riga an daka gero. Ina tsaye ina jinsa yana kiran mutane ɗaya-ɗaya da sunayensu, yana tuna musu shi ya jeme musu buzun salla. Yaya Bawa yana bayan taro, idonsa a ƙasa. Sai mai unguwa, na gaske ba na ruwa ba, ya juyo ya ce mai gadi me ya gani. Ba zan ce muku na yi wani dogon tunani ba. Na dubi sandar da ke hannuna, na dubi Audu, bakina ya riga ni.

"Ba Audu ba ne. Ni na bar wurin. Wana na bar wa sanda."

Kuna zaton an yaba mini? Ko mutum ɗaya. Mutane suka riƙa ja da baya daga inda nake tsaye, kamar ni ne warin. Audu kansa bai iya haɗa ido da ni ba. Yaya Bawa ya juya ya tafi a hankali. Aka yanke masa hukuncin da aka shafa wa fatiha, aka ce kowa ya kawo kwando da ƙwarya, yau gayya ce. Muka tsame matattun kifi muka binne, muka kwarfe abin da zai kwarfu don sabon ruwa ya tsattsafo daga yashi. Ina cikin taɓo har gwiwa Inna Kande ta matso kusa da ni.

"Gaskiya ka faɗa, ɗan nan," in ji ta. "Amma da ni na haife ku, da na fi son ka tashi bebe."

Ran Lahadi aka shimfiɗa tabarmin da aka aro tun kafin abin ya faru. Ba wanda ya zauna a kansu. Goron da na sayo yana cikin ganyensa, tukunyar kifi tana tururi ita kaɗai, mutane suna wucewa ta wancan gefen hanya suna nazarin sararin sama. Liman ya zo, ya ce suna haƙƙin yaro ne ba na ubansa ba, amma bai zauna ba. Inna Kande ta shigo ta ƙofar baya, ta ce ita ba suna ta zo ba, wankan jego ta zo, kuma ba a shafa fatiha a kan wankan jego ba. Ni kuwa, in wani ya ce na karya doka, ku ce masa ban je ba, a ƙofar ɗakina ake yi, ni kuma zama na yi a ƙofar ɗakina. Liman ya tambayi suna. Yaya Bawa ya ce Haruna. Ranar na fara jin sunana a bakinsa. Liman ya ɗan dakata, ya sake tambaya ko ya ji daidai.

"Na riga na yi masa alkawari," in ji Yaya Bawa, bai dubi inda nake ba. "Ba shi kaɗai ya iya riƙon amana ba."

Bayan liman ya fita, Inna Kande ta fito da yaron a naɗe, da ɗan kasko na romo, ta durƙusa a gabana ta ce uwarsa ta ce akwai abin da ya rage. Yaya Bawa ya ba mu baya yana naɗe tabarmi. Na tsoma yatsa a romon kifin da aka ba ni gadi, na shafa wa takwarana a leɓe. Ya yamutsa fuska, ya lasa, ya kama yatsan nawa da dasashi. Sau ɗaya ke nan na taɓa shi a duniya.

Saura maganar garwar baƙin mai. Mai unguwa da liman suka je suka roƙi sarkin ruwan Galma, ya yarda mu ɗebi ƙananan kifi. Aka yi gayya, maza da tuluna a ka, ana tafe a hankali kamar masu rakiyar amarya don kada ruwa ya girgiza su mutu. Kwana uku aka yi da zuciya ɗaya, Audu majemi yana kan gaba. Daga nan kowa ya tuna yana da sana'a. Ni da ba ni da ita na ci gaba, tulu ɗaya kullum, Inna Kande tana riƙe mini sanda tana korar jakuna da baki. Da mai duba-gari ya zo, ya durƙusa ya daɗe yana kallo, ya ga 'yan abubuwa suna wulgawa, ya ce wa mai garwarsa su wuce. Gurbin ya tsira. A gida kuwa, kwana arba'in muna kwana bango ɗaya tsakaninmu, Yaya Bawa bai ce mini ci kanka ba. In na gaishe shi da safe, ya amsa wa ƙofa. Sai dai tuwona daga ɗakinsu bai taɓa fashi ba.

Washegarin arba'in na dawo daga Galma da azahar, na juye tuluna, na nufi gida. Na yi sallama, ba amsa. Ɗakinsu a buɗe, an share shi tas, ba tabarma ba tukunya. A bakin ƙofata ga akushi a rufe da faifai. Na taɓa, da sauran ɗuminsa. 'Yan dako suka ce sun ga ya hau jirgi da iyalinsa, wai wajen haƙar kuza za shi. Na zauna na ci tuwon duka, don ban san abin da zan yi da shi ba in ba ci ba. Na yi ta aika sallahu ta bakin ma'aikatan jirgi, shekara da shekaru. Amsa ɗaya ta taɓa dawowa, ita ma ba daga gare shi ba, wani ne ya ce ya ji an yi jana'izar wani Bawa Bayawuri a can. Yaron kuwa ba wanda ya san inda ya yi.

Na riƙe sandar rani tara, har aka haƙa rijiyoyi, daga baya famfo ya zo. A bakin gurbin nan uwarku ta fara ganina, ta ce abin da ya ja hankalinta shi ne mutumin da ke gardama da kwaɗi kuma yana faɗuwa. Yanzu in na bi ta wurin ba na gane shi, tsamiyar ta tafi, kuma na ga da idona wanda a cikinku yake aika yara su zubar da shara a Kubanni. Ba zan faɗi suna ba. Na taɓa faɗin suna sau ɗaya, ya ishe ni.

Babbanku ya taɓa tambayata, da za a maimaita, ko zan sake. Na ce masa ya miƙo mini buta. Har yau ban sami amsar da ta fi wannan ba. Abin da na sani shi ne ɗakin nan na biyu, wanda kuke ta mita in buɗe a zuba 'yan haya, ba nawa ba ne balle ya zama naku. In bayan raina wani dattijo ya yi sallama, ya ce shi Haruna ne ɗan Bawa, kada ku tsaya yi masa tambayoyin 'yan boko. Ku buɗe masa ɗakin ubansa, ku dafa masa kifi, na koma ba na magimfa ba. In ya tambayi wanda ya sa masa romo a baki, ku ce Dogarin Kwaɗi ne. Ubansa ne ya naɗa ni, kuma har yau bai aiko a tuɓe ni ba.